Kifin da Ya Fi Aji Baki

"…da gajiya? Jam dai ko, bawana? Yaya kwanan Barebari?"

"Wushe, wushe. Lafiya lau muka kwana, ban da munsharin wani Bafillatani da ya hana Pantami barci. Ina saƙona?"

Haka suke gaisawa kullum, kowa da gaisuwar yarensu, maigidana Malam Joda Bafillatani da baƙonmu Aji Babarbare. Ni Barira ina tsakar gida ina tankaɗe, bango ɗaya ne tsakanina da zaure, saboda haka kada a ce laɓe nake yi, kunnena ne ba shi da marfi.

Aji dillalin bandar kifi ne daga Baga, garin nan na bakin tafki. Shekarar da aka tarwatsa garinsu ya iso Gombe da rigar jikinsa. Malam ya gamu da shi a masallaci, yana jin Hausarsa ya ce ai bawan da ya gudo gidan ubangidansa yake komawa, ya kawo shi ya ba shi ɗakin zaure. Aji kuwa har yau cewa yake shi ne ya zo duba dukiyarsa. Wasan Fulani da Barebari ya girme su su duka, ba mai raba su.

Abu ɗaya ne wasan bai taɓa ba. A bakin tafki Aji ya rabu da ƙanwarsa Fatime, kowa ya faɗa kwalekwalen da ya samu. Ya buga lambarta har ya gaji. Kwanan baya aka ce an ga wasu matan Baga suna aikin gona wajen garin Kwadon, nan kusa da Gombe, gidan rediyo kuma yana karɓar cigiyar masu gudun hijira, mutum ya faɗa da bakinsa. Malam ya yi lallashin duniya, Aji ya ce namiji ba ya kuka a rediyo. Tun daga nan ko sunanta ba ya kamawa, tuwo ma rabi yake dawo min da shi. Abin yana ci min rai, don mutum ne mai kirki, duk da bakinsa.

Saƙon da yake tambaya katin memori ne na 'yar rediyonsa. Ya aiki Malam shagon masu waya a zuba masa algaita da gangar gida. Malam ya miƙa masa, ya sa, ya ƙure murya, na ji ya gyara zama.

Sai ga wani abu kamar daga cikin tulu: kwak-kwak-kwak. Shiru. Kwak-kwak-kwak.

"Joda, algaita na aike ka, ka kawo min agwagwa mai mura?"

"Kifi ne."

"Kifi! Kai ruwan da ka sani ai shi ne wanda kuke ƙara wa nono."

"Kai kuma fa? Kududdufin nan naku da saniyata za ta shanye in ta ji ƙishi, shi kake kira tafki?"

"Ina bandar kifi tun kana bin saniya ba wando. Kifi ba ya magana. Kurungu ne kawai ke ɗan ƙara in an kama shi, shi ma don ya hango Bafillatani ne zai ci shi ba gishiri."

Malam tsohon malamin kimiyya ne, ya yi ritaya amma bakinsa bai yi ba. Samun ɗalibi ɗaya ya ishe shi, ko da ɗalibin yana zaginsa. Ya ce 'yarmu Ikhlas ce ta turo masa daga jami'a. Sunan abin minki, a babban teku yake, can kudancin duniya inda ruwa ke daskarewa. Tsawonsa ya ɗara na zauren nan, amma a danginsu yana cikin ƙanana. In an bi ta gaskiya ma ba kifi ba ne, siffar ce kawai, don iska yake shaƙa, kuma macen shayar da ɗanta take yi.

"Tsaya nan," in ji Aji. "Nono gare shi?"

"Nono gare shi."

"Shi ke nan, na gane. Saniyar kakanka ce ta faɗa ruwa, kake nema min ita da rediyona. Ɗauki sanda da ƙwarya ka bi ta, ni zan riƙe maka gida."

"Ka riƙe gida ko ka cika shi da turare har kaji su suma?"

"Gara turare da warin man shanu."

Na yi dariya har gari ya shiga min hanci. Malam bai kula ba, ya ci gaba. Ya ce sojojin da ke tafiya cikin jirgi a ƙarƙashin teku sun daɗe suna jin wannan kukan, tsara ta wuce wata ta zo, ba wanda ya san mai yin sa, har suka laƙaba masa agwagwa. Sai bara masana suka manna wa minki na'urar ɗaukar sauti a gadon baya, aka kama mai muryar. Aji ya ce da Babarbare suka tambaya da kafin la'asar an gama, amma da yake da Fulani suka yi shawara ai dole a daɗe. Malam ya ce da sun tambayi Babarbare da har yanzu ana gaisuwa ba a kai ga tambayar ba.

Duk da haka Aji bai kashe rediyon ba. Mutumin da ya tashi a bakin ruwa, ko ya ƙi ko ya so, kunnensa yana can. Can na ji ya tambaya, wai shi don ya ƙure Malam, ko me abin yake cewa.

Malam ya ce masanan ba su gama ganewa ba. Amma can ƙasa duhu ne, ga ƙanƙara a sama, ido ba ya aiki, murya ce ke tafiya nesa. Ana zaton ta haka suke jin juna.

"Nasa yake kira, Aji. Ba ya ganin su, bai san inda suke ba, amma yana kira."

Na ajiye rariya. Agwagwar tana ta abinta a zauren.

"Ashe nan ka nufa," in ji Aji. Muryarsa ta yi ƙasa. "In na kira aka amsa min da ta'aziyya fa? Yanzu ko ba komai, a wajena tana raye."

Tausayin su biyun ya kama ni. Aji ne ya sake magana, ya tambaya ko shi wannan kifin ana amsa masa.

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Abin da na sani, bai yi shiru ba." Malam ya yi gyaran murya, ya koma halinsa. "Amma fa shi mai zuciya ne. Ban ce kowa ya yi koyi da shi ba. Zan dai shaida wa Fulanin Gombe kaf cewa na ga ranar da kifi ya fi Babarbare baki."

"Kifi? Ni?"

"Kifi mai nono ma kuwa."

Aji ya fashe da dariya, irin wadda rabon da in ji ta tun kafin labarin Kwadon, har da tari. Ya ce Allah ya isa tsakaninsa da saniyar ruwa da mai kiwonta. Ya ce in ya je gidan rediyon da yarensu zai yi, don kada wani Bafillatani ya ce zai gyara masa. Sai na ji ya miƙe, ya fara gwada muryarsa a zauren da Hausa, kamar yana gaban na'urar gidan rediyon.

"Fatime. Fatime 'yar Wakil, ta Baga. Yayanki ne Aji. Ina Gombe, ina Pantami, a gidan wani bawana."

Hawayena ya ɗiga cikin garin, na bar shi, ai duk tuwo ne.

"Ka ci yau," ya ce wa Malam. "Tashi mu je kafin layin shingen sojoji ya yi tsawo. Ɗauko min takalmina."

Na jira in ji abin da Malam zai mayar masa, don da wata rana ce sai an kai azahar ana musun wanda ya kamata ya ɗauko wa wani. Na leƙa ta labule. Malam ya duƙa ya ɗauko takalman, ya kakkaɓe su da hannun rigarsa, ya ajiye masa a gabansa.