Falmaran ɗin Korona da Bencin Gwaggo

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka tuɓe mini riga a GRA, a gaban mata cike da tsakar gida, cikinsu har da ƙanwar mahaifina.

Lokacin korona ne. An rufe makarantar kuɗin da nake koyarwa, mai makarantar kuwa ya ce tunda ba ɗalibai, ba albashi. Ga matata da tsohon ciki. Ana cikin haka kansilanmu ya saka sunana a kwamitin wayar da kai, wanda wani Alhaji mai neman kujera ya ɗauki nauyinsa. Aka ba ni lasifikar ratayawa, da falmaran mai ƙyalli irin na masu ba da hannu a titi, da ɗan alawus duk Juma'a. Da wannan alawus kaɗai ake ɗora tukunya a gidana. (Na faɗa ne don ku ɗan tausaya mini kafin ku ji sauran.)

Tunda falmaran ya hau jikina kaina ya kumbura. Har tafiyata ta canja. In na ga mutum uku suna hira, sai na danna lasifika: "A ba da tazara, a sa takunkumi, a daina taruwa."

Ran nan da safe muka bi ta Ƙofar Wambai, kansila yana cikin mota yana kallona. Sai ga Gwaggo Talatu, ƙanwar mahaifin nawa, gaban tandarta tana juya masa, mutum shida a kan benci suna jira. Da cinikin masar nan ta yi mini ɗinkin sallah shekara da shekaru. Amma idon kansila yana kaina.

"Gwaggo, a sallami mutanen nan. Doka ce."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "In sun tashi kai za ka shanye ƙullin? Cutar masu hawa jirgi ce, ɗan nan. Ni ko Gubi da ke nan bayan gari ban taɓa wucewa ba."

Na kori mutanen, na kifa bencin da hannuna. Kansila ya jinjina mini. Gwaggo ta dube ni kawai, ta ci gaba da juya masar da babu mai saye.

Bayan azahar kansila ya kira ni. Wai Alhaji zai raba tallafin shinkafa a gidansa da ke GRA, 'yan jarida za su zo, ana son hoto ya cika. Da lasifikar nan dai na koma unguwa ina shela: "Mata a fito, a taru, ga mota." Ba wadda ta tambaye ni ina tazara ta tafi. Mutane sun kwana biyu ba ciniki, aka cushe a bas, wata kan cinyar wata. Gwaggo ma ta shiga, tunda na hana ta na cefanen ranar.

A gidan Alhaji matsala ta fito. Takunkumi kwali ɗaya aka sayo, iyakar na sahun gaba. Yaron Alhaji, wani ƙato mai baƙin tabarau, ya ja ni bayan rumfa. Ya ce duk sahun da aka ɗauka hoto, in karɓe takunkumansu in raba wa na gaba. "In ba za ka iya ba, akwai masu jiran falmaran ɗin nan."

Na san abin da hakan yake nufi, ni da nake karanta takardar wayar da kai kullum. Na tuna matata. Na ce, "An gama."

Sahun farko, na karɓa na raba. Na biyu ma haka. Wasu takunkuman sun jiƙe da numfashi, wani da jan-baki, wani yana warin goro. Wata tsohuwa tana ta tari. A kan babban tebur kuma ga wata likita da aka gayyato ta yi jawabi, ina ta kare hannuna da jikina kada ta hango.

Na ɗaga lasifika na kira sahu na uku, na sake ta a ƙirjina ban kashe ba. Na miƙa takunkumi ba tare da duba fuska ba. Sai na ji ba a karɓa ba.

"Daga bakin wa ka ciro shi?"

Gwaggo ce. Muryarta ta fita ta lasifikar, ta cika gidan.

Na ce a hankali, "Gwaggo, don Allah ki rufa mini asiri." Wannan ma kowa ya ji.

"Da safe mutum shida a bencina ka ce cuta ce. Yanzu ga mu kamar kasuwa, kana ciro ƙyalle daga bakin wannan kana sa wa waccan. Ita cutar shinkafa take tsoro, ko GRA ce ba ta shiga?"

Likitar ta miƙe tsaye. Masu hoto suka juyo kaina gaba ɗaya. Alhaji ya karɓi abin magana ya ce bai san da wannan ɗanyen aiki ba, bai ma san ni ba. Mai tabarau, wanda ya ba ni umarnin, shi ya zo ya zare lasifikar, ya tuɓe falmaran. Saboda zafin ranar kuwa ban sa riga a ciki ba, sai wata tsohuwar singileti mai huji uku. (Matata ta sha cewa in mayar da ita tsumma.) Na tsaya rungume da kaina, na ji kamar in nutse. Gwaggo ce ta jefo mini gyalenta. Da shi na yafa har bakin titi.

Washegari na je na tayar mata da bencin. Ba ta ce na yafe ba, ta dai ce in nemo wani in ƙara, mutum uku-uku a kowanne. Har aka buɗe makarantu ni ne mai ɗaura wa masu saye masa, ita kuma take aika wa matata abinci. Ranar sunan ɗiyata ma masarta aka ci.

Tun daga nan, in aka ba ni lasifika sai na tambayi wa yake sayen batirin. In kuma rigar aro ce, ina sa tawa mai kyau a ciki, don ban san a gaban wa za a karɓe ta ba.