Yadda Na Shayar da Motar Sabi'u

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan jikana na Dungu ba. Ko na so in manta, mutanen unguwarmu ba za su bar ni ba.

Ni dai a nan Matameye an san ni. Ban taɓa taka lakwal, makarantar boko, ba ko na yini ɗaya, amma babu wanda ya ajiye abu a hannuna ya dawo ya tarar da shi da tabo. Matan da mazansu suka tafi cin rani ni ke sa musu ido: na san wadda ta fita, na san wadda ta daɗe a famfo. A bayan idona Jandarma suke ce mini (sun zaci ban sani ba, na sani, kuma sunan bai ɓata mini rai ba).

To, bara ɗana Sabi'u ya dawo daga Ikko da mota, ja, ta hannu ce amma tana sheƙi. Ya yi damina da ita, aka gama girbi, lokacin komawarsa ya yi. Ya shigar da ita kangon da ke jikin gidana, ya ja wata sanda da ke gefen kujera, wai birkin hannu, ya lulluɓe ta da tamfol har ƙasa, ya miƙo mini makulli.

"Inna, ga amana. Kawu Illa zai riƙa zuwa duk Juma'a ya tashe ta, ya ɗan zaga da ita."

Illa taubashina ne, tsohon direban manyan motoci, kuma Allah bai yi wa bakinsa murfi ba. Na ce to, na ɗaure makullin a bakin zane. A raina kuwa na riga na yanke: tayarwa na yarda, zagawa babu. Duk Juma'a sai in ɗage tamfol daidai ƙofar direba, ya shiga ya kunna, ina tsaye a kansa kamar mai gadin shanya. Ranar da ya kai hannu kan sandar nan na buge hannun.

"Sabi'u ne ya ja ta, shi zai sake ta."

"Haba Jandarma, ƙarfe fa idan bai motsa ba ciwo yake yi."

"Kai da ka shekara talatin kana motsi, ga ka nan da ciwon baya."

Da bazara ta kama, rana ta fara dukan ƙasa, sai na ji a kasuwa ana labarin wata mota da tayarta ta fashe a hanyar Yauri saboda zafi. Na zauna na yi tunani irin na manya. Idan muna son ruwan jarka ya yi sanyi, me muke yi? Buhun algarara muke naɗa mata mu jiƙa. To me ya raba taya da jarka? Duka roba ne. Na samo buhu huɗu, na naɗe ƙafafun motar, har ina cusa bakin buhun cikin ramukan ƙarfen don sanyin ya ratsa sosai. Bokiti da safe, bokiti da yamma, wata uku ban yi fashi ba. Ruwan da mata ke kokawa a kansa a famfo. (Har akuyata na rage wa nata, Allah ya yafe mini.) Ranar Juma'a kuwa tun da sassafe nake kwashe buhunan in ɓoye, don na san Illa: sai ya sace dabarar ya je tasha ya ce tasa ce.

Akwai maƙwabciyata Hajiya Rabi, katanga ɗaya muke da ita shekara arba'in. Ita ta zauna da ni har na fita takabar mijina. Wata rana ta shigo, ta ɗaga gefen tamfol, ta shafa bayan motar ta ce, "Kai, wannan mota da kyau take!" Ta tsaya a nan. Babu tubarkalla, babu masha Allah. Na ajiye wannan a raina.

Sai ƴata Hadiza ta haihu a Dungu. Sabi'u ya bugo waya ya ce ranar suna Kawu Illa ya kai mu a motar. Na gayyaci mata biyar, har da Hajiya Rabi. Muka sha ankonmu, muka loda atamfofi da sabulai da tukunyar kunun kanwa. Na hakimce a gaba, na zuge gilas don duk wadda ba a gayyata ba ta gan ni da kyau.

Illa ya kunna, ya saki sandar, ya sa giya. Motar ta yi gurnani, gabanta ya yunƙura, bayanta ya durƙusa. Ko taku ɗaya. Ya sake. Haka. Mazan da ke zaune a gindin dalbejiya suka taso suka tura, ƙafafun baya suka riƙa jan ƙasa kamar jakin da ya hango rijiya. Illa ya goge gumi ya ce, "Ta ɗaure."

Shi da birki yake. Ni kuwa kunnena wani ɗauri ya ji.

Na buɗe ƙofa na fito, na gyara mayafi, na ce da ƙarfi yadda har na bayan layi za su ji, "Na san wadda ta ɗaure ta! Hajiya Rabi, sauka!" Na zayyana komai, ranar da ta shafa, da hannun da ta shafa da shi, da tubarkallar da ta haɗiye. Na ce mota ba za ta motsa ba muddin tana ciki.

Ta sauko a hankali da ƙullinta na kayan jariri. Abu ɗaya ta ce: "Ni, Yaya?" Ta shige gidanta.

Aka sake turawa. Motar ko gezau. (A nan ya kamata jikina ya ba ni, amma ina.)

Illa ya tuɓe babbar riga ya rarrafa ƙarƙashi. Can muka ji yana wani irin tari, ashe dariya ce. Ya fito da ɗanyen tsiron yakuwa a hannu, ga wani ƙaton kwaɗo ya biyo bayansa yana tsalle.

"Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah. Garin nan ko bunsuru bai ga ɗanyen haki ba, ga fadama ƙarƙashin motar Sabi'u. Wa ke shayar da ita?"

Wallahi na zaci yabo ne ya zo. Na daki ƙirji. "Ni! Wa kuke da shi in ban da ni? Safe da yamma, wata uku, da buhun algarara!" Har na aika aka ɗauko buhunan daga bayan rumbu na ɗaga musu, suna ɗigar ruwa.

Illa ya zauna daɓas a ƙasa.

"Ƴar'uwa," ya ce, kuma tun da nake bai taɓa kirana haka ba, "kin taɓa manta almakashi a gindin randa?"

"Na taɓa."

"Ya buɗu?"

"Bai buɗu ba. Tsatsa ta..."

Ban ƙarasa ba. Ya ce cikin ƙafar baya akwai wani ƙarfe kamar kasko, sandar da na hana shi saki ita ta matse birki a jikinsa, ni kuma na bi da ruwa na wata uku har tsatsa ta haɗe su. Sannan ya miƙe ya dubi jama'a. "Gaskiya ta faɗa, an ɗaure motar nan. Mai ɗaurin ma tana nan tsaye da buhunta."

Irin dariyar da aka yi, har wata daga cikin matan ta zauna kan tukunyar kunu. Ni kuwa ina riƙe da buhu, ruwa na ɗiga kan sabon takalmina, na rasa inda zan ajiye shi, na rasa inda zan ajiye idona.

Gyaran bai ɗauki lokaci ba, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Illa ya ɗauko guduma ya ƙwanƙwasa ƙarfen ta kowane gefe, ya shiga ya yi gaba ya yi baya, sai muka ji ƙas! Jan gari ya zubo, mota ta gangara kamar ba ita ba.

Saura ɗaya gyaran, wanda guduma ba ta yi. Daga kangon zuwa ƙofar Hajiya Rabi taku goma ne, amma tafiyar Makka ta fi mini sauƙi. Na same ta zaune a tabarma, ta cire mayafi, idonta ja. Na durƙusa, ni da rabona da durƙusa wa mace tun rasuwar uwar mijina. Na ce, "Hajiya, na zalunce ki a gaban mutane. Ki yafe mini." Ashe duk ta ji ta kan katanga.

"Yaya, ke da za ki jiƙa ta, kin yi mata tubarkalla?"

Ta yafe, amma da sharaɗi biyu: in maimaita a waje da muryar da na kore ta, kuma ita za ta zauna gaba. Na maimaita. Na shiga baya, aka ɗora mini tukunyar kunu a cinya. Muka isa Dungu an daɗe da raɗa suna, labarin ma ya riga mu ta waya. Surukar Hadiza ta tare ni da, "Sannu da zuwa, Mai Garka, ya ban ruwa?" Tun ranar sunan Jandarma ya mutu. Illa kuwa duk inda ya gan ni sai ya tambaya ko bana rake zan sa.

Yanzu idan abu ya ƙi motsi a gidana, kafin in leƙa katangar maƙwabta sai na fara duba bokitina. Amma don Allah a riƙa faɗin gaskiya duka: tayoyin nan huɗu, ko ɗaya ba ta fashe ba.