Yadda Za Ka Warkar da Gwaggonka da Kamarar Ajanda

Kai da ka sayi ajandar lantarki, ƴar na'urar nan da ba ta wuce tafin hannu ba wadda ake rubutu a kanta da tsinke, ka kuma haɗa da ƴar kamarar da ake soka mata a ka, matso kusa. Na san damuwarka: duk wanda ka ɗauka sai ya fito kamar an hango shi ta cikin koko. Kada ka jefar. Bi matakan nan, na yi maka alkawarin hoton da za a yaba daga Agadas har Libiya. Lukumanu mai gyaran rediyo, maƙwabcina a kasuwa, ya bi su a shekarar 2003, ya kuma ci nasara fiye da yadda ya so.

Mataki na 1: Daina zagin na'urar

Lukumanu ya samo tasa a hannun wani shofer, direba mai kai turawa yawo. Sati guda ya yi yana ɗaukar hasumiyar babban masallaci, kullum tana fitowa kamar kantun gishirin Fachi. Ya ɗauki akuya, aka ce masa karen ya yi kyau. Abin ya ci masa rai, don shi mutum ne mai son a ce ya iya. Gane wannan tun yanzu: kamara mai tsada abin da ke akwai kawai take nunawa. Mai arha ce ke bar wa mai kallo wurin kyautata zato.

Mataki na 2: Nemo mai bukatar hoto mara kyau

Ba su da wuyar samu. Gwaggonsa Habsa, yayar mahaifinsa, ita ta aiko a kira shi. Ɗanta Alkasum, wanda ya shekara shida yana gyaran motoci a Sabha ta Libiya, ya ji ƙishin-ƙishin ba ta da lafiya. Ya ce a turo masa hotonta, in ba haka ba zai hau mota ya taho. Ita kuwa wata biyar ke nan tana kwance, tuwo ba ya wuce loma uku, awarwaronta yana zamewa har gwiwar hannu. Ba ta son ya taho. Tana tsoron hanyar hamadar Tenere, tana tsoron ya rasa aikin da ya sha wuya kafin ya samu.

"Lukumanu," ta ce, "an ce mini wanga abin naka bai gani ƙwarai. Shi nike so."

Ranar ce aka fara yabon na'urar, kuma ba zan ɓoye maka ba, Lukumanu ya ji daɗi.

Mataki na 3: Jira la'asar

A ɗaki hoton baƙi ƙirin zai fito, da tsakar rana fari fat. Jira rana ta karkata, ka sa a zaunar da mutum jikin katangar jar ƙasa. Jan katangar zai shafi fuska, kamarar kuma, da yake ba ta da wayo, sai ta ɗauka jini ne a kumatu. Mutum biyu suka tallabo Gwaggo zuwa tsakar gida. Wannan kada ka ɗauka.

Mataki na 4: Ja da baya

Masu koyar da hoto za su ce ka matsa kusa. Ƙyale su. Lukumanu, don son gwaninta, daga kusa ya fara, ga abin da ya gani a ɗan allon: idanu sun faɗa, ƙashin wuya a waje. Ashe ko kamarar banza, in ka kai ta kusa, gaskiya take faɗa. Ya goge, ya ja baya taku bakwai. A taku na bakwai rama ta ɓace.

Mataki na 5: Abin da jiki ya rasa, tufa ta cike

Zane uku, wani kan wani. Riga mai aiki, mayafi mai kauri, matashi biyu a baya. Sannan a ba hannu abin yi: ƙwaryar fura a cinya, ludayi a dama. Zuwaira, ɗiyar Gwaggo da ke jinyarta, ita ta yi shirin, tana yi tana hawaye, tana cewa ya kamata yayanta ya sani. Gwaggo ta ce in ta sake ta faɗa masa ba ta yafe ba. Lukumanu ya ji, ya sunkuya yana goge pil, wato batirin na'urar, da gefen rigarsa. Yi koyi da shi. An ɗauke ka aikin ido ne, babu wanda ya nemi kunnenka.

Mataki na 6: Ƙirga uku

Kamarar nan sai an ƙirga uku ba motsi. Gwaggo kuwa tana tari. Saurari tarin, ka gane tazararsa, ka latsa a tsakani. A karo na biyar ta ɗaga ludayi, ta yi murmushi, ta riƙe shi har uku ta cika. Da ya ce an gama, ludayin ya suɓuce cikin ƙwarya, aka mayar da ita ɗaki.

Mataki na 7: Aika shi yana ƙarami

Je siber, shagon intanet, ka haɗa ajandar da ordinata, wato kwamfuta, ka tura. Kada ka bari mai siber ya ce zai gyara maka. Bayan kwana biyu amsar Alkasum ta zo: Alhamdulillahi, Inna har ƙiba ta yi, hankalinsa ya kwanta, sai bayan babbar Salla zai zo. Lukumanu ya karanta wa Gwaggo, ta sa ya maimaita, ta sa masa albarka. Ya dawo kasuwa yana tafiya da ƙafa ɗai-ɗai, ya ce mana daga yau mai raina na'urarsa ya zo su yi magana.

Mataki na 8: Koyi gyaɗa kai

Wannan ne mai wuyar, fara gwadawa tun yau. Sati bakwai bayan hoton Gwaggo ta rasu. Alkasum ya iso kwana tara da binne ta. Ya zauna kan tabarma a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa, ya zaro takardar hoton da ya buga a Sabha, ta sha ninki har ta yi laushi, yana nuna wa duk wanda ya zo: ku duba, wata biyu da suka wuce fura take damawa, ciwon farat ɗaya ne. Takardar ta bi hannu-hannu har ta iso ga Lukumanu. Alkasum ya kama hannunsa ya riƙe.

"Allah ya saka maka, ƙanena. Ba don hoton ga ba, da na ce ta daɗe tana jinya ni ina can zaune."

Zuwaira tana bakin zaure da butar ruwa, Lukumanu kawai take kallo. Ya gyaɗa kai. Ya gyaɗa daidai, babu wanda ya ga aibu.

Gargaɗi

Ni haske da tazara na koya maka. Abin da mai kallo zai yarda da shi, da tafiyar da zai fasa, ba ruwana. In ka fara canza hanya don kada ka haɗu da ƴar gwaggonka, in an kira ka hoton suna ka ce pil ya ƙare alhali sabo yana aljihunka, kada ka zo rumfata. Kafin ya koma Sabha, Alkasum ya roƙi a ƙara masa girman hoton, yana son ya ga fuskar Inna da kyau. Wannan matakin ban san shi ba. Ka tambayi Lukumanu, in ya yarda ya ɗago kai daga rediyon da yake gyara.