Yadda Na Kashe Uban Ɗan Kokawa Saboda Tuwo

Ba zan taɓa mantawa ba da wata ranar Alhamis a unguwar Sih, cikin birnin Madina, ranar da na so ƙasa ta tsage in shige har da takalmina. In kuma aka bi diddigi, tuwo ne ya ja mini.

A ƙarshen shekarun casa'in ne, ina ɗalibin shari'a a jami'a. Abincin makaranta ba laifi, shinkafa da kaza safe da yamma, amma ni a Azare da tuwo aka yaye ni. Kewar miyar kuka ta kai har ina mafarkinta. Ana haka Allah ya haɗa ni da Ammi Sale a bakin masallaci, wani dattijo Bahaushe haifaffen Madina, wanda kakansa ya zo aikin hajji a ƙafa ya zauna. Hausarsa rabi ce, rabin Larabci. Ya ja ni gidansa, na tarar matarsa Hajja Kande tana tuƙa tuwo duk Alhamis, da kuka da daddawar da alhazai ke kawo mata. Loma ɗaya na kai bakina sai da hawaye ya zubo (na ce musu yaji ne).

To, Ammi Sale mutum ne mai ibada, amma kowa da abin da ya fi ƙarfinsa. Shi nasa kokawar Turawa ce. Ɗansa na aiki a matatar mai ta Yanbu tare da wani Ba'amurke, ta hannun Ba'amurken yake samo wa uban kaset na manyan gasa, irin waɗanda a can Amurka sai ka biya kafin a nuna maka a talabijin. Bayan la'asar maƙwabta su cika falo, Hajja ta kafa kujerarta a bakin labule, a saka kaset. Matsalar ɗaya ce: kaset ɗin Yanbu ba fassara, Turanci ne zalla.

Ranar farko, wani ƙato mai dogon gashi ya fizge makirfo ya shiga ihu, jijiyoyin wuya duk a waje. Ammi Sale ya juyo ya dube ni.

"Ya waladi, ku 'yan Najeriya ai Ingilishi kamar ruwa ne a bakinku. Esh yigul? Me yake cewa?"

Jama'a, Turancina na sakandare ne, irin wanda malami ke faɗa a hankali yana nuna allo da sanda. Wannan kuwa ta hanci yake magana, yana huci, yawu na fallatsa. Wallahi ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Abin da ya kamata in ce shi ne ban ji ba. Amma ga man shanu bai bushe a leɓena ba, ga mutane goma sun zuba mini ido, ga tunanin Alhamis mai zuwa. Santi ya kwashe ni. Na gyara murya na ce, "Cewa yake shi maraya ne."

"La haula!" in ji Hajja daga bakin labule. "Allah sarki yaro."

Shi ke nan, hanya ta buɗe. Abokin karawarsa, wani mai sanƙo da gemu, na naɗa shi ƙanin uban, wanda ya danne gonar masara da garken shanu. Mai kwat ɗin da ke zagaya fili yana surutu ya zama lauyan Kawu. Kambun da ake rataye wa a sama ana hawa tsani a ɗauko, ɗamarar marigayi ce. Da aka rufe su cikin kejin ƙarfe, na ce kotu ce ta ba da umarni a kulle su har su sasanta. Da Kawu ya maka wa Maraya kujera a gadon baya, na girgiza kai na ce, "Kujerar mahaifinsa ce ma." Wani maƙwabci ya tashi tsaye yana cewa, "Haram alaik, ya zalim!"

Abin haushi, a lokacin darasin rabon gado muke yi a aji, don haka duk abin da na karanta da safe sai in juye shi a kan Maraya da yamma. Har 'yar'uwa na ƙirƙiro masa da kaka ta wajen uwa, Ammi Sale da maƙwabta su tsayar da kaset suna gardamar wa ke da rabo wa ba shi da shi. (Jarrabawar wannan darasi ita ce wadda na fi ci a duk zamana a jami'a, gaskiya ɗaya ce.)

Na zama Ustaz Tafinta. Matashi mafi laushi nawa ne, tsokar da ta fi girma a gabana ake turo ta, in zan tafi Hajja ta ƙunsa mini ɗumame. Sai kuma na ƙaro salo. Da zarar wani ya ɗauki makirfo, sai in runtse ido, in dafa kunne, in ɗan karkata kai, wai ina kamo zurfin magana. A gaskiya ƙarya nake saƙawa, kuma ta fi zuwa mini sumul in ba na kallon fuskar kowa.

Rannan kaset ɗin Yanbu ya yi jinkiri. Ammi Sale ya kasa haƙuri, ya je wani shago a titin Sultana ya sayo na gasar da ta biyo baya. Ni ban sani ba, lokacin da ake saka shi ina wanke hannu. Na dawo na zauna, kokawar farko ba magana, sai duka. Can aka zo ta Maraya da Kawu, aka yi ta gumurzu, Maraya ya ɗaga Kawu ya nana da ƙasa, alƙalin wasa ya buga tafinsa a ƙasa sau uku, falo ya kaure da kabbara. Maraya ya rungume kambu, ya miƙa hannu a ba shi makirfo. Tun kafin ya buɗe baki na runtse ido na dafa kunne.

"Yana cewa," na fara, da wata murya mai rawa, "tun ranar da ya zuba wa mahaifinsa ƙasa da hannunsa, bai sake barci mai daɗi ba."

Shiru. Na ɗauka maganar ce ta ratsa su, sai na ƙara wuta.

"Yana cewa, Baba, da kana raye ka ga wannan rana! Yana cewa yakan je kabarin duk Lahadi ya share ciyawa. Yana cewa..."

Ba wanda ya ce Allah sarki. Ba wanda ya ja hanci. Ko ƙarar kofin shayi babu. Sai muryar Hajja, a sanyaye:

"Ustaz, wane ne wancan mai cin gugguru?"

Na buɗe ido. Innalillahi. A ƙasan talabijin ga rubutun Larabci fari tas, manya-manyan baƙaƙe, kowa a falon yana karantawa. Kaset ɗin Sultana da fassara yake zuwa! Abin da ke rubuce kuwa: wannan nasara ta mahaifina ce, ga shi can zaune a layin gaba. Aka hasko wani jibgegen tsoho da hular kaboyi, kumatu jajur, yana ɗaga wa duniya hannu, ɗaya hannun cikin kwalin gugguru. Lafiyarsa ƙalau, ya ma fi ni ƙiba.

Mai hankali da nan ya tsaya. Ni sai na ji bakina yana cewa, "Ai... tagwaye ne da marigayin."

Ammi Sale ya gyara tabarau, ya matsa kusa da talabijin, ya sa yatsa a kan rubutun. "Ya waladi, abuhu aka rubuta. Ubansa." Ya juyo. "Gonar masarar fa?"

Na shiga gyara zaman hulata.

"Shanun?"

Maƙwabcin nan mai cewa ya zalim shi ya fara fashewa da dariya, har ya kwanta a kan kafet yana dukan matashi. Sauran suka bi. Hajja kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ni da nake ta yi wa yaron nan addu'a Allah ya ƙwato masa haƙƙinsa?" Ta ja labule. Nan na gane na saɓa wa mai riƙe da muciya, kuma tuwo ya yi mini bankwana. Na ce ina da bitar karatu, na fita da takalmi ƙafar hagu a dama.

Na yi makonni ban leƙa Sih ba. In Alhamis ta zo sai in sayi burodin tamis da wake in zauna a ɗaki ina tausayin kaina. Ko a Harami na hango mai kama da Ammi Sale sai in canja ƙofa. Amma dattijon ya fi ni sanin ƙofofin. Wata rana bayan azahar sai na ji an damƙe mini hannu.

"Fen kake, ya kazzab? Ina ka shige, maƙaryaci?" Yana dariya. "Mun kalli kaset uku masu tarjama. Wallahi ba komai a ciki sai zan karya ka, zan karya ka. Ba gona, ba kaka, wala haja, ba komai. Hajja ta ce ka zo."

Na je, kaina a ƙasa. Na tarar an jingina wani dogon matashin kai a gaban talabijin, ya rufe daidai inda rubutun ke fitowa. Ga kwanon tuwo a tsakiyar falo, a rufe, ƙamshin daddawa na tashi. Na kai hannu ke nan sai Hajja ta yi gyaran murya.

"Tsaya tukuna, ɗan nan. Ka fara gaya mana yadda aka yi uban ya fito daga kabari, sannan a buɗe."

Na dubi kwanon, na dubi labule. Na ce, "Ai Hajja, Kawu ne ya ɓoye shi a rumbun masara, buhu aka binne."

"Na san za a rina," in ji ta. "Mugun mutum. Buɗe masa, Sale."

Yau ga ni da furfura, ina koyar da yara cewa ƙarya haramun ce, kuma har zuciyata nake faɗa. Amma darasin da na fi riƙewa daga Madina ba ya cikin littafi: in yunwa ta sa za ka kashe uban wani, to ka bar idonka a buɗe, ka fara duba layin gaba.