Kwali Sittin da Kaji Biyu

"Ni fa idan na ce zan tashi gida, ko cokalin shayi ba zai yi ɓatan kai ba. Da safe a ɗora, da hantsi a sauke, kafin la'asar kuna lasar yatsa a sabon gida. Shekara talatin ina auna kayan duniya, kayan ɗaki biyu ne za su gagare ni?"

Mijin yayata ke nan, wanda duk dangi muke kira Mai Sikeli. Yana wannan magana yana shafa tumbi, kai ka ce shi ya ƙirƙiro ƙaura.

Amma abokina, kafin in ci gaba bari in wanke kaina. Yau mako biyu ke nan ana yawo da sunana a dangi, wai ni na zuga shi. Ni! Mutumin da ya bar harkokinsa, ya sa fararen kayansa sabbin guga, ya fesa turaren da ko ranar aurensa bai fesa ba, ya tafi taya 'yar'uwarsa aiki. Ka saurara ka yi mana alƙalanci.

Mai Sikeli ya yi aikinsa ne a wani babban sito, inda ake auna kaya kafin a ɗora wa manyan motoci. Da ya ajiye aiki, sauran abokansa suka koma gida da agogon bango, shi kuwa ya roƙi tsohon sikeli ya ɗauko. Tun daga ranar babu abin da ya tsira a gidan nan. Kankana, katifa, jakar baƙo, har yaran sai da ya jera su ya auna. Su shida a ɗaki biyu, keken ɗinkin Yaya a tsakiyar falo, in za ka shiga banɗaki sai ka tsallake kayan mutane uku. Da Allah ya hore musu babban gida mai ɗaki huɗu da kicin da ɗan fili a baya, kowa ya yi murna. Sai rigima ta tashi a kan ɗaki ɗaya.

Ɗaki ne babba kusa da ƙofar shiga, taga biyu, iska ta ko'ina. Yaya, da yake tela ce, ta ce nan za ta sa kekenta, masu kawo ɗinki su daina ratsa mata gida. Mai Sikeli ya ce ofis ne.

"Ofishin me?" in ji Yaya. "Wa ke nemanka?"

"Za a nema. Ai sai an ga ofis ake zuwa."

Maganar ta kai gaban Inna, mahaifiyarmu, ita kuwa ba ta son dogon zance. Ta ce tunda yana cika baki, a bar masa ƙaurar gaba ɗaya. In ya kwashe gida a yini ɗaya, aka ci abincin rana a sabon gida kafin la'asar, ɗaki nasa ne. In ya gaza, keke ya shiga. Mai Sikeli ya yi wata dariya ta manya, ya ce kaji ma za a ci, manya guda biyu, da shinkafa. To ni da jin kaji, ka san dole in je taimako.

Na isa da sassafe ranar tashi. Yaya da yara sun kwana a wajen Inna, don ya ce ba ya son mata da yara su dagula masa tsari. Na tarar da shi da 'yar shara da gajeren wando, gumi har gwiwa, sikeli a tsakar falo, kwalaye iri ɗaya sak sun yi layi kamar sojoji.

"Ɗan Gayu, zo ka ga ilimi," ya ce da ni. "Jahilai su ke haɗa kayan kicin da kayan kicin, kayan ɗaki da kayan ɗaki. Sai wani kwali ya karya wa ɗan dako baya, wani kuma iska ta ɗauke shi. Mota ba ta san tukunya ba, ba ta san takalmi ba. Nauyi ta sani. Kowane kwali kilo ashirin, ba ƙari ba ragi."

Na leƙa wanda yake haɗawa. Dutsen guga, littattafan yara, murfin tukunya, takalmi ƙafa ɗaya.

"Ina ɗaya ƙafar, Yallaɓai?"

"Ta yi yawa a nan. Tana wani kwalin."

Abokina, me za ka ce wa irin wannan? Na cire hula na ce, "Wallahi Yallaɓai, ƙasar nan ba ta san darajarka ba." Shi ke nan laifina na farko, yabo.

Na samu kujera a inuwa na zauna, domin wani ya zama mai lura, kuma fararen kaya ba sa shiri da ƙura. Ina kallo ya kwance murhun gas, kan murhu a wannan kwali, tiyo a wancan. Wuƙaƙe ya raba su ɗaya-ɗaya, ya ce su ne mafi daɗin cike gibi. Gishiri ma sai da ya ƙulla shi a leda bakwai, duk kwalin da ya gaza kaɗan ya jefa ƙulli. In allura ta tsaya a kan ashirin, sai ya ja numfashi kamar wanda ya sha ruwan sanyi, ya naɗe kwalin da salatif ninki uku, ya rubuta a jiki da babban baƙi: KILO 20.

"Ba za ka rubuta abin da ke ciki ba?"

"Ga shi na rubuta. Me ke ciki in ba kilo ashirin ba?"

Can wajen hantsi wani kwali ya ƙi cika. Saura kilo biyu da rabi. Ya sa kwano, ya wuce. Ya cire ya sa fitila, bai kai ba. Direban mota yana ta danna oda a waje, Mai Sikeli yana zagaye kwalin yana cizon yatsa. Daidai lokacin 'yan dako suka zo ɗaukar firji, suka fito da kajin nan biyu, figaggu, a leda, suka ajiye a kan tebur. Ni kuma, magana ce kawai ta fito min, kamar yadda mutum zai ce yau ana rana. Na ce, "Kai, kajin nan manya ne. Za su yi kilo biyu da wani abu."

Ban ce ya sa ba. Ka riƙe wannan da kyau. Ban ce ya sa ba. Idonsa ne ya yi haske, ya ɗora su, allura ta tsaya cak. Har rungume ni ya so yi, na kauce saboda gumi.

Muka isa sabon gida rana ta take, zafi kamar an buɗe murfin tanda. 'Yan dako suka sauke gado da kujeru da firji, sannan suka zo kan kwalaye.

"Maigida, wannan na wane ɗaki ne?"

Mai Sikeli ya duba rubutun. KILO 20. Ya duba na kusa da shi. KILO 20. Ya yi gyaran murya.

"Ku kai su ofis. Daga can za a rarraba."

Haka aka jibge kwali sittin a babban ɗakin nan, daga ƙasa har rufi, taga biyun duk suka toshe. Sai 'yar siririyar hanya da ta rage, wadda shi kansa sai ya tsuke tumbi yake wucewa.

"To Yallaɓai," na ce, "a ɗora kaji ko? Cikina ya fara kiran sunana."

Ya tsaya. Ya dubi tulin kwalaye. 

"Kai da kake zaune kana kallo, wanne ne?"

"Mai kilo ashirin ɗin nan."

"Ɗan rainin wayo!"

Ya ari 'yar wuƙar direba ya fara farkewa. Na farko, labule da guduma. Na biyu, kayan makarantar yara da ƙullin gishiri da ya fashe a ciki. Na uku ya yi ihun murna, ga kan murhu, amma babu tiyo. Na huɗu ga ɗaya ƙafar takalmin nan, ita kaɗai a kan bargo kamar marainiya. Ya ɗaga wani ya girgiza a kunne, wai zai ji motsin kaza. Na ce ya gwada kiransu, ko za su amsa. A kwali na bakwai direba ya miƙo hannu.

"Maigida, wuƙata. Akwai wani aikin yana jirana. Shekarata ashirin ina kwasar kayan ƙaura, ban taɓa ganin wanda ya ɓatar da gidansa a cikin gidansa ba."

Motar na fita, ga Inna da Yaya da yara sun iso. Inna da kwandonta na kayan lambu, wai tsarabar sabon gida: tumatir, kokwamba, latas, albasa, lemun tsami. Yaya ta shaƙi iska.

"Ban ji ƙamshi ba, Baban yara."

"Ana kan tsari."

"Ina tukwanena?"

"Suna nan lafiya."

"Ina kajin?"

Ya dube ni. Ni kuma na duƙa ina kaɗe ƙurar da babu ita a takalmina. Da ya ga babu mafita ya nuna ƙofar ofis da haɓa. Yaya ta leƙa, ta daɗe tana kallo, ta juyo a hankali.

"Ɗanyen nama? A kwali? A wannan zafin?"

"Nauyinsu ne ya dace."

 Inna ta zauna a kan katifar da ke shimfiɗe, ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Yara kuwa suka fara kukan yunwa, ga inuwa ta fara miƙewa, la'asar na tafe.

Yaya ta tsuke zane. Ta zaro durowar firji ta ƙasa, wadda ake zuba kayan lambu, ta wanke ta tas a famfo. Ta buɗe jakarta ta fito da babban almakashinta na ɗinki, wanda ta ƙi ba shi tun jiya ko da ya ce yana neman rabin kilo. Ta wanke shi ta hau yanka, latas ƙyas-ƙyas, kokwamba fale-fale, tumatir gida huɗu, albasa siri-siri.

"Baban yara, tafi maƙwabta ka roƙo mana gishiri da ɗan mai."

"Ni? Yau na tare! Mutumin da ke da gishiri ƙulli bakwai?"

"To kawo ɗaya."

Ya tafi. Mutumin da ya shirya gaisawa da sabbin maƙwabta a ƙofar ofis, da babbar riga da tabarau, sai ga shi da 'yar shara jiƙe da gumi, ya tara tafin hannu a ƙofar mutane. Na raka shi, don kada a ce ba shi da dangi masu kyan gani. Matar gidan ta zuba masa gishiri a takarda, mai a ɗan kofi, ta dube ni ta ce, "Maigida, sannunku da zuwa. Wannan ɗan dakon naku ya sha aiki, a ba shi ruwa." Ban gyara mata ba. Ba na son katse wa manya magana.

Yaya ta matse lemun tsami, ta yayyafa gishiri, ta zuba mai, ta juya da hannu. Mai Sikeli ya matso yana cewa a ƙa'ida tumatir ya kamata ya ninka albasa sau biyu. Inna ta ɗago ido sau ɗaya, ya koma ya zauna.

Muka kewaye durowar firji a ƙasa muka sa hannu. Zan faɗi gaskiya ko da a kaina ne: salak ɗin nan ya yi daɗi. Sanyi, tsami-tsami, yana ratsa maƙogwaro a wannan zafi kamar an yi maka fifita a ciki. Amma ni kaza aka yi min alkawari, kuma ɗigon tumatir ya ɓata min gaban riga. Wannan asarar babu wanda ya yi min jaje a kanta har yau.

Ana siɗe durowar, Mai Sikeli ya duba agogo, sai ga tumbi ya dawo wurinsa. Ya miƙe ya gyara wando.

"Inna, a yi shaida. Kaya sun iso a yini ɗaya?"

"Sun iso."

"An ci abinci a sabon gida kafin la'asar?"

"An ci."

"To dama tsarin ke nan. Likitoci sun hana cin maiƙo a lokacin zafi. Ni na san abin da nake yi. Ɗaki nawa ne."

Na zaci Yaya za ta tayar da hayaniya. Sai ta goge almakashinta da gefen zane, ta mayar jaka, ta yi murmushi mai sanyi irin wanda tun muna yara na san ba alheri ba ne.

"Gaskiyarka. Ka ci. Ni kekena ya zauna a falo, ai ya saba. Zo in raka ka."

Ta kama hannunsa har ƙofar ofis. Ya tsuke tumbi ya shiga siririyar hanyar nan. Tuni wani ɗan wari ya fara tashi daga can cikin tulin, ƙudaje uku sun riga shi kama aiki.

"Ga ofis, ranka ya daɗe. Saura kwali hamsin da uku. Kai da kajinka, kada in ga ɗayanku a waje ba tare da ɗayan ba."

Ta ja ƙofa.

Muka yi shiru muna saurare. Muka ji ƙarar farce a kan salatif. Muka ji kamar ana gwadawa da haƙori. Muka ji wani abu ya faɗo, ya yi 'yar ƙara. Can sai ga muryarsa ƙasa-ƙasa ta ramin makulli.

"Maman yara... ɗan ara min almakashin nan mana."

Yaya ko juyowa ba ta yi ba.

"Yi haƙuri, Yallaɓai. Kayan ɗinki ba sa shiga ofis."