Littattafan Baba a Gaban Sarkin Sikeli

Makon jiya, a filin jirgin sama, a gaban jama'a, aka cusa jakata cikin wani kejin ƙarfe na auna girman jaka. Ta shiga har ƙugu ta tsaya cak. Ni ma sai na ji kamar ni ce na maƙale. Ku yi mini afuwa in kun ga alƙalamina yana rawa, ban taɓa rubuta wa jarida komai ba. Ni da ko a aji malami ya kira ni sai gumi ya karyo mini. Amma tura ta kai bango.

Ga yadda abin ya faro. Na samu gurbin karatu a wani gari mai nisa, sai Goggo, ƙanwar mahaifina, ta ce ita za ta raka ni. Ta ga tallan tikiti mai rahusa, an rubuta da manyan baƙaƙe: "Tashi kamar tsuntsu!" Ta saya mana biyu tana ta murna. Ba wanda ya tuna mana cewa tsuntsu ba ya ɗaukar jaka.

Akwatin tufafi mun ba wani direban motar haya mai zuwa garin ya wuce da shi. Abin da na ƙi rabuwa da shi, na cika jakar hannuna da shi, littattafan Baba ne, Allah ya jiƙansa. Su kaɗai ya bar mini. Gidan hayarmu an mayar wa mai shi, kuma Yaya ya riga ya yi magana da masu sayen tsohuwar takarda a kilo. Shi ya kawo mu filin jirgi, yana waje cikin mota yana jiran ya ga mun tashi. Na san in jakar nan ta koma hannunsa, kafin la'asar an nannaɗe sabulu da Baba.

Mai kula da kejin wani ne mai kwat da katin aiki rataye a wuya. Ban san muƙaminsa ba, don haka na naɗa shi Sarkin Sikeli, Allah ya ja zamaninsa.

"Malama, wannan jaka ta wuce ƙa'ida. Sai an biya."

Goggo ta matso. "Ɗan nan, ai a hannunta za ta riƙe."

"Mama, da zarar ta shiga jirgi, hannun ma namu ne."

Ya yi mana bayani cikin natsuwa, kamar mai karantar da yara. Ashe tikiti hawa uku ne. Akwai na mutum zalla, shi muka saya. Akwai na mutum da jakarsa. Akwai kuma na mutum da jakarsa da mutuncinsa, wannan sai manya. Sannan ya faɗi kuɗin jakar. Ba zan maimaita ba, don na san akwai masu hawan jini cikin masu karanta wannan shafi. Ku dai sani ya ɗara kuɗin tikitin. Goggo ta kwance bakin zani ta duba, ta sake ɗaurewa.

"To in ba mu biya ba fa?" ta tambaya.

Ya nuna ƙofar fita da haɓa.

Muna cikin haka sai wuri ya ɗauki hayaniya, aka ce a ba da hanya. Mai Girma Babban Mai Sa Ido Kan Jin Daɗin Matafiya ne ya iso. Na gane muryarsa, don shi ne bara ya rantse a rediyo cewa daga yau ba talakan da zai sake biyan kuɗin jakar hannu. Kuma a yaba masa, ya cika rabin alkawari: shi bai biya ba. Yaransa suka wuce da akwatuna kamar ana ƙaura, kowanne zai iya haɗiye jakata ya nemi ƙari. Sarkin Sikeli ya rusuna har katin wuyansa ya taɓa ƙasa. Keji ya yi azumi, sikeli ya runtse ido. Gaskiya ba ƙaramin ilimi ba ne a ƙera na'urar da ta san wanda za ta auna.

Ni dai ina tsaye, hawaye na neman tona mini asiri. Ina da wata ɗabi'a, in na tsorata sai in rungume littafi a ƙirji. Da ma akwai ɗaya a hannuna. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ranka ya daɗe, wannan ma sai na biya?"

Ya yi dariya. "Littafin da fasinja ke karantawa ba kaya ba ne. Kowa yana da izinin guda ɗaya."

Goggo ta dube shi. Ta juya a hankali ta dubi layin da ke bayanmu, ya miƙe har bakin ƙofa. Sannan ta dube ni, irin kallon da take yi wa mai nama in ya manta bai rufe ciniki ba.

"Buɗe jakar."

"Goggo, ban san su ba."

"Su ma ba su san ki ba, kun yi daidai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maza!"

Jama'a, na karanta labaran jarumai da suka shiga kogon zaki, amma ba wanda ya taɓa faɗa mini cewa ce wa baƙo "don Allah riƙe mini" ya fi wannan wuya. Na fara da wata ma'aikaciyar jinya, muryata kamar ta sauro. Ta karɓa tun ban ƙarasa ba, ta ce ita ma yanzu aka raba ta da kuɗin takalmin ɗanta. Wasu ɗalibai suka miƙo hannu suna dariya. Wani tsoho ya ce a ba shi mai manyan rubutu. Wata mai goyo ta karɓi ɗaya, Goggo ta ƙara wa jaririn wani ɗan siriri.

Sarkin Sikeli ya taso. "Mama, wannan ai bai iya karatu ba!"

"Kun karɓi kuɗin tikitinsa?"

"Mun karɓa."

"To fasinja ne. Kai ka san abin da ya iya?"

Jaririn ya kai littafin baki. Goggo ta ce haka malaman kirki ke farawa.

Saura ɗaya. Shi ne mafi kauri, bangonsa ya yage, Baba ya ɗinke shi da zaren ɗinkin takalmi. Shi yake karanta mana in an ɗauke wuta da rana zafi ya hana barci. Kuma mutum ɗaya ya rage a layi hannunsa ba littafi, wani ƙaton mai sayar da taya, wanda tun ɗazu yake faɗa a waya kan lodin da bai iso ba.

"Yarinya, ki rufa mini asiri," ya ce. "Rabona da littafi tun ranar da na bar firamare ta taga."

Aka fara kiran shiga jirgi. Na hango motar Yaya ta gilashi.

"Baba," na ce, "na mahaifina ne. Ya rasu."

Ya kashe wayar. Ya goge tafinsa a riga kafin ya karɓa.

Sarkin Sikeli bai haƙura ba. Ya ɗaga murya: "Doka ta ce wanda ake karantawa, ba wanda ake riƙewa ba!" Sai ga layi guda ya buɗe littafi lokaci ɗaya. Haka muka wuce ta gabansa kai a sunkuye, wani ma nasa a juye yake. Mai Taya kuwa da ƙarfi yake karatu, yana bin layi da yatsa, kamar mai kiran farashi. Jakar da babu komai a ciki ta shige keji kamar ɓera a rami.

Da muka sauka Goggo ta tare ƙofa tana karɓa. Kowa ya mayar, har jariri, da ɗan yawu kyauta. Sai Mai Taya. Ya tsaya gefe, yatsansa a tsakiyar shafi.

"'Yata, yaron nan na cikin labarin, zai gano uwarsa kuwa? A'a, kar ki faɗa! Ki ara mini."

Na dubi ɗinkin Baba a bangon. Duk wahalar nan don littafin nan na sha ta. Amma na tuna Baba bai taɓa hana aro ba, yakan ce littafin da ba a karantawa bulo ne, gara a sa shi a gini. Na ba shi adireshin ɗakin kwananmu na makaranta. Goggo ta ce, "Kin tsallake Sarkin Sikeli kin faɗa hannun Mai Taya. Allah ya kyauta."

Kwana da kwanaki ban yi barcin kirki ba. Maƙwabciyata a ɗaki, mai karatun lissafi, ta ce in daina damuwa, ta ji tuni an kafa kwamiti kan kuɗin jakar hannu. Sun zauna a otal sati guda, kowa ya fito da sabuwar jaka kyautar kamfanonin jirgi, sun kuma ba da shawarar a kafa wani kwamitin. Na ce madalla, ko ba komai masu ɗinkin jaka sun samu kasuwa.

Jiya da hantsi aka ce ina da baƙo. Mai Taya ne, littafin a cikin leda, idonsa ja.

"Wane marar imani ne ya rubuta wannan? Me direban nan na cikin labarin ya yi masa da zai kashe shi a ƙarshe?" Ya miƙo mini, ya share hanci. "Akwai wani?"

Roƙona gare ku, masu karatu, in kun gama da wannan shafi ku nannaɗe sabulu da shi, kar ya kai teburin Mai Girma. In ya ji labarin wani fasinja ya sauka daga jirgi da rabin littafi a cikin kai bai biya ko sisi ba, wallahi wata mai zuwa kanmu za a riƙa cusawa a keji.