Ranar da na lashe tsibiri guda

Ko na manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da jikata Nafisa ta ɗauke ni daga garin Largo da muke zaune a Amurka, muka shiga jirgin ƙasa zuwa wurin aikinta a Washinton ba.

Taro ake yi na wasu tsibirai uku da har yau Turawa ke riƙe da su. Gwamnatocin tsibiran sun haɗa kai sun kafa masana'antar sabulu ɗaya: wannan ya kawo man kwakwa, wancan gishiri, ƙaramin cikinsu ya ba da fili. Nafisa ce ta shirya zauren, kuma a lokacin ba a tabbatar da ita a aikin ba. Tun a jirgi take roƙona in zauna kawai, kada in taɓa komai. Na ce to.

To ni, da sana'ar sabulun salo na reni 'ya'yana. Mu kuwa da harshe muke gwada sabulu. In ya yi yaji, toka ta yi yawa.

Ga sabulun farko na masana'antar a kan tebur, bisa farin ƙyalle, an haska masa fitila, ƙato kamar tubali, an zana tsibiran a jikinsa da koren fenti. Na zauna. Na gyara zama. (Allah shaida, na yi ƙoƙari.) Da jama'a suka juya wajen shayi, sai na lallaɓa, na yi bisimilla, na lasa gefe.

Ashe a gefen nan ƙaramin tsibirin yake, wanda wakilinsa, wani dattijo, ya wuni yana ƙorafin ana mantawa da su. Na share tsibirin tas. Ashe kuma kyamara na kan sabulun. Ga ni a babban allo, ni da koren harshena.

Kowa ya juyo yana kallon allon. Nafisa ta matso.

"Kaka, me kika yi?"

Na ce sabulun dai bai yi yaji ba.

Dattijon ya tambaye ta abin da ya ga bakina yana faɗa kafin in lasa. Ta yi masa bayani. Ya yi dariya har da hawaye, ya faɗi wata magana, ta fassara mini.

"Ya ce manyan ƙasashe sun sha cinye tsibirinsu, amma ke ce ta farko da ta yi bisimilla."

Shi ya hana a hukunta yarinyar, don a cewarsa ranar ce kowa ya nemi tsibirinsu da ido.

Tun daga nan, abin da duk aka ɗora a kan farin ƙyalle aka haska masa fitila, harshena ba ya zuwa gaishe shi. Nafisa kuwa har yau, in za mu fita, sai ta tabbatar na ƙoshi.